Me ya sa masarautata take wargajewa a Crusader Kings III, alhali na daɗe ina kallon gwanayen wasan?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na yi wata huɗu ina kallon bidiyon masu buga Crusader Kings III a YouTube, har na kai ina iya faɗin abin da mai wasan zai yi kafin ya yi shi. Amma da na sami kwamfuta na fara bugawa da kaina, sau uku ke nan ina gina masarauta, da zarar sarkina ya rasu sai ƙasar ta tsage gida-gida, hakimai kuma su yi mini tawaye. Shin kallon da na yi ɓata lokaci ne? Sannan na ga akwai Daurama ta Daura a cikin wasan, ko ya dace in fara da ita?"

Malam, kallon da ka yi bai tafi a banza ba, sai dai abin da ya koya maka daban ne da abin da yake kayar da kai. Bidiyo yana nuna maka yadda ake cin ƙasa da yaƙi, domin shi ne abin da yake da daɗin kallo, kai kuwa ba a fagen fama kake faɗuwa ba, a wajen rabon gado kake faɗuwa. Idan ka fahimci wannan bambancin, rabin matsalarka ta warware, saboda haka a kansa zan fi tsayawa, sannan in zo ga yadda ya kamata a riƙa kallon, daga ƙarshe in taɓa maganar Daurama.

Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar ranar 1 ga Satumba, 2020, ya sha bamban da yawancin wasannin dabarun yaƙi ta fuska guda: ba ƙasa kake riƙe da ita ba, mutum kake riƙe da shi, kuma mutumin nan zai tsufa ya mutu. Idan ya mutu sai ka koma jikin magajinsa, da halinsa da basirarsa da maƙiyansa, haka nan har shekarar 1453 inda wasan yake ƙarewa, wato shekarar da Daular Usmaniyya ta ci birnin Kustantiniya. Wasan yana ba ka zaɓin shekarar da za ka fara. Wanda ya fara daga 867 yana da kusan shekara ɗari shida a gabansa, wanda ya fara daga 1066 kuwa yana da kusan ɗari huɗu, ma'ana sarauta za ta sauya hannu sau da yawa, kuma a duk sauyin hannu ana iya rasa abin da aka tara. Wasa ba ya ƙarewa don an ƙwace maka rabin ƙasa. Yana ƙarewa ne idan sarkinka ya mutu babu magaji daga zuriyarsa da zai karɓi mulki. Don haka dukiyarka ta gaske ita ce gidan sarautar, ƙasa kuwa aro ce da take shiga hannu tana fita.

Tsagewar da kake gani ba kuskuren na'ura ba ne, doka ce da aka sa da gangan. A farkon wasa kusan kowane mai mulki yana ƙarƙashin dokar rabon gado tsakanin 'ya'ya, wadda take ba babban magaji babbar sarauta da babban birni, sannan ta rarraba sauran gundumomi da larduna ga ƙannensa. Nau'in wannan doka da ake farawa da shi ya fi sauran tsanani, domin idan ƙasar da ka mallaka ta isa a kafa wata sarauta mai daraja ɗaya da taka, to ko da ba ka kafa ta ba, ranar da ka mutu wasan zai kafa ta da kansa ya miƙa wa ɗanka na biyu, shi kuma ya zama mai cin gashin kansa. Matakan sarauta a wasan suna hawa ne daga gari zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa masarauta, zuwa daula, kuma mai sarauta ba ya zama ƙarƙashin takwaransa. Idan kana riƙe da lardi biyu ba tare da ka zama sarki ba, kana da 'ya'ya maza biyu, to ƙasarka biyu ce tun kana raye, mutuwarka kawai ake jira. Idan kuwa ka riga ka naɗa kanka sarki a kan lardunan biyu, ƙanen zai karɓi lardinsa amma zai zauna a ƙarƙashin wansa, iyakar ƙasa ba za ta motsa ba. Ina kyautata zaton a nan ne ka faɗi sau ukun da ka ambata, domin a nan mafi yawan masu koyo suke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi lokacin da na fara: na haɗa kan tsibirin Ailan, na tsallaka teku na ci fiye da rabin ƙasar Wels ina murna, ban san ina gina wa ɗana na biyu masarauta ba ne.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba daga kansu suka ƙago wannan ba. Sarki Fadinan na Farko na Leyon, a arewacin Sifen, da ya rasu a ƙarshen 1065 ya bar ƙasarsa a rabe tsakanin 'ya'yansa maza uku: Sanco ya sami Kastil, Alfonso ya sami Leyon, Garsiya ya sami Galisiya. Ba a yi shekara bakwai ba sai da suka yaƙi juna, aka kori Garsiya, Alfonso ya yi gudun hijira zuwa Toledo wajen sarkinta Musulmi, aka kashe Sanco a 1072 yana yi wa garin Zamora ƙawanya, sannan Alfonso ya dawo ya haɗa ƙasashen uku a hannunsa, ya tsare Garsiya har ya mutu a tsare. Wanda ya buɗe wasan a 1066 zai tarar da 'yan'uwan nan uku kowa a kan karagarsa, kowa yana da haƙƙin da'awa a kan ƙasar ɗan'uwansa. A cikin wasan, dokar da take ba ɗan fari komai da komai ba ta samuwa sai bayan shekarar 1200, kuma ko a lokacin sai al'ummarka ta kai ga gano ta. Saboda haka shekaru ɗaruruwa za ka yi kana zaune da rabon gado, kuma gwaninta a wannan wasa ita ce iya zama da shi.

Hanyoyin zama da shi ba ɓoyayyu ba ne, amma duk suna bukatar a fara su da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne ka saba da buɗe shafin da yake nuna rabon gado, wanda yake faɗa maka dalla-dalla wace gunduma za ta tafi ga wane ɗa idan ka mutu yau. Ka duba shi duk lokacin da aka haifa maka ɗa, da duk lokacin da ka ci sabuwar ƙasa. Kafin ka shiga kowane yaƙi ka tambayi kanka ko abin da za ka ci zai zauna a ƙarƙashin babbar sarautarka, ko kuwa zai cika adadin da ake bukata don a kafa wata kishiyarta. Sau da yawa hikima ita ce ka tsaya da gunduma ɗaya ƙasa da adadin, ka jira har ka sami ƙarfin hawa mataki na gaba gaba ɗaya. Ƙananan 'ya'yanka kuma ka ci musu ƙasa tun kana raye ka naɗa su a kai, domin abin da ka ba su ana lissafa shi a cikin rabonsu, ta haka ba za su taɓa gundumomin da ke kewaye da babban birninka ba. Gine-ginen da suke kawo kuɗi da sojoji ka tara su a babban birni da lardinsa, tunda shi ne yake bin babban magaji. Akwai kuma cire ɗa daga gado, amma ana biyansa ne da makin shaharar gidan sarauta, wadda tara ta yake da wuya kuma ana bukatarta don wasu abubuwa masu ɗorewa, saboda haka ni ba na ba mai koyo shawarar ya mayar da shi al'ada.

Tawayen hakimai da ka ambata ɗan'uwan wannan matsala ne. Kowane mutum a wasan yana da ra'ayi a kanka wanda ake aunawa da lamba, daga ɗari ƙasa da sifili zuwa ɗari sama da sifili, kuma wannan ra'ayi na mutum ne, ba na karaga ba. Tsohon sarki da ya yi shekara talatin yana mulki ya tara soyayya saboda daɗewa, da kyaututtuka, da abota, da tsoro. Ɗansa kuwa yana hawa da ragin da ake yi wa sabon sarki, ga ƙannensa da suke da haƙƙin da'awa a kan karagar, ga gundumominsa sun ragu, ma'ana sojojinsa sun ragu. Hakiman da ba su gamsu ba suna haɗa ƙungiya, wasu suna neman 'yancin kai, wasu suna neman a rage ikon sarki, wasu suna neman a naɗa wani ɗan sarki, kuma idan ƙarfin sojojinsu ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na naka sai fushinsu ya fara hauhawa har su aiko maka da wa'adi. Maganin wannan yana hannun tsohon sarki, ba sabo ba. Idan sarkinka ya haura shekara hamsin, ka rage gine-gine ka fara tara zinariya, domin baitulmali yana bin babban magaji ne ba a raba shi, kuma da wannan kuɗi sabon sarki zai yi kyauta ga manyan hakimai, ya shirya walima, ya ɗauki sojojin haya idan ta ɓaci. Ranar da ya hau, ka dakatar da lokaci, kada ka bar kwana ɗaya ya wuce sai ka cika kujerun majalisa. Manyan hakimai suna ganin kujerar waziri ko madawaki ko ma'aji haƙƙinsu ce, kuma wanda aka hana yana rage maki 40 daga ra'ayinsa. Gara ma'aji mai matsakaiciyar basira wanda ya fita daga cikin 'yan tawaye da gwani wanda ba shi da ko soja ɗaya, aƙalla a shekarun farko. Hakimin da ka ƙulla ƙawance da shi ta hanyar aure ba ya shiga ƙungiyar tawaye, don haka auren ƙanne da 'ya'ya mata makami ne da ya fi rundunar dawaki a wannan lokaci.

Shi kansa magajin aiki ne na shekara goma sha shida. Yaro yana kai shekara 6 ake zaɓa masa fannin karatu daga cikin biyar, wato hulɗa da mutane, yaƙi, tattalin dukiya, makirci da ilimi, a kuma ba shi mai reno, sannan yana balaga a shekara 16. Idan kai ne mai renonsa, kai kake zaɓa masa halaye yayin da al'amura suke tasowa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wasan yana hukunta wanda ya saɓa wa halin sarkinsa: mai tausayi idan ya sa aka kashe fursuna damuwa za ta kama shi, mai rowa idan ya yi kyauta haka, mai kunya idan ya cika shiga taro haka, kuma damuwar tana taruwa har ta kai matakin da za ta jefa shi cikin mugun hali, ko ta taɓa lafiyarsa. Dabarar da ka gani a bidiyo an yi ta da sarki maƙetaci ba za ta yi aiki a hannun sarkinka mai gaskiya da adalci ba, ko da kun fara a gari ɗaya a shekara ɗaya.

To me ya sa wata huɗu na kallo bai koya maka waɗannan ba? Dalili na farko shi ne yanka. Wasan da aka yi awa talatin ko arba'in ana bugawa, mai bidiyo yana matse shi ya koma minti talatin, kuma abin da yake zubarwa shi ne daidai abin da kake bukata: mintunan da ya yi yana duba jerin 'yan mata don zaɓa wa yarima mata, da lissafin gundumomi, da jiran yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara biyar ta ƙare, da tara kuɗi ba tare da yin komai ba. Abin da ya rage shi ne yaƙi da kisan gilla da abin dariya. Kai da kake kallo sai ka ɗauka cewa daga yaƙi sai yaƙi ake yi, alhali mafi yawan lokacin gwani yana tafiya ne wasan yana tsaye cik, yana karatu. Dalili na biyu shi ne gwani ba ya faɗin abin da ya zame masa jiki. Wanda ya yi awa dubu a wasan yana buɗe shafin gado ya rufe cikin daƙiƙa biyu, idonsa ya ga abin da yake nema, bakinsa yana ba da wani labari daban. Iya faɗin abin da zai yi da ka ce kana yi alama ce cewa ka haddace salonsa, amma sanin dalilin da ya sa bai yi wancan ɗayan ba shi ne ilimin, kuma wannan ba ya fitowa a allo. Dalili na uku, wanda ba kowa yake son a faɗa ba, shi ne ba ka ganin wasannin da suka lalace. Wanda ya gwada sau biyar ya yi nasara a na shida, na shidan zai ɗora, kuma babu abin da zai nuna maka ko ya koma wurin da ya adana wasan bayan wata annoba ta kashe masa magaji.

Akwai kuma batun zamani. Wasan da aka fitar a 2020 ba shi ne wanda yake kwamfutarka yau ba, domin kamfanin yana sabunta shi a kai a kai, yana kuma sayar da ƙarin fakitoci daban. A farkon 2022 an sake fasalin al'adu gaba ɗaya tare da fitowar fakitin Royal Court. A 2023 an shigo da tafiye-tafiye da riƙon ƙwarya tare da fakitin Tours and Tournaments, sannan a ƙarshen shekarar aka sauya yadda sarakunan Musulmi suke karɓar haraji da yadda haɗin kan dangi yake aiki. A 2024 aka kawo annoba da ma'aunin halaccin sarauta, aka sake tsarin ƙulla makirci, aka kuma ƙara shekarar farawa ta uku, wato 1178. Bidiyon koyarwa na 2021 yana iya gaya maka abin da ya kasance gaskiya a lokacinsa amma yanzu ba haka yake ba. Ka riƙa duba ranar da aka ɗora bidiyo kafin ka ɗauki shawararsa, ka kuma duba ko mai shi yana amfani da fakitin da ba ka saya ba, ko gyare-gyaren da 'yan wasa suke ƙirƙira da kansu, domin mutum yakan ɓata awa guda yana neman maɓallin da babu shi a nasa wasan.

Ban ce ka daina kallo ba. Bidiyon da aka yanka aka mai da shi labari nishaɗi ne mai kyau, ka kalle shi a matsayin nishaɗi. Don koyo kuwa, ka nemi jerin da ba a yanka ba, irin wanda kashi ɗaya yake kai awa guda kuma shekara goma kacal ake ci a ciki, ko ka kalli masu bugawa kai tsaye a Twitch ko YouTube inda babu damar ɓoye kuskure. A cikin jerin ma ba sai ka bi daga farko ba: ka nemi kashin da sarki ya mutu, ka kalli wanda ya gabace shi da wanda ya biyo shi, domin a nan darasinka yake. Duk lokacin da wani al'amari ya taso wa mai wasan, ka tsayar da bidiyon kafin ya zaɓa, ka yanke naka hukuncin, sannan ka saki ka ga inda kuka saɓa. Mafi amfani duka shi ne ka fara bugawa, ka faɗi, sannan ka je neman bidiyo da tambaya guda a zuciyarka; minti goma na kallo bayan faɗuwa ya fi awa goma kafinta. Wani ɗan abin lura ga mai tattalin data: wannan wasa na rubutu da lambobi ne, idan ka rage ingancin hoto sosai ba za ka iya karanta abin da ke allon ba, saboda haka gara ka sauke kashi biyu masu kyawun hoto da ka kalli goma a dushe. Shi wasan kansa ma malami ne, domin kusan kowace kalma mai launi idan ka ɗora mata kibiya za ta buɗe bayani, a cikin bayanin kuma akwai wasu kalmomin da suke buɗe nasu. Babu fassarar Hausa a cikinsa, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai yi tafiyar a hankali, amma kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa, cikin mako biyu ake saba da su.

Game da yaƙi ba zan tsawaita ba, tunda ba shi ne ciwonka ba. Ka tuna dai cewa yawan dakarun gayya ba ya kai ƙwararrun sojoji da barade, cewa masu dogayen māsu suna karya dawaki, dawaki marasa nauyi suna karya maharba, kuma kada ka tsallaka kogi ko ka hau dutse don ka far wa rundunar da ta kai taka. Idan ka kama sarkin abokan gaba a fagen fama ko a cikin birnin da ka ci, yaƙin ya ƙare nan take.

Yanzu ga Daurama. Gaskiya ne tana cikin mutanen da wasan yake gabatarwa a shekarar 867, tana mulkin Daura, ga mijinta Bayajidda, al'adarta Hausa, addininta kuma an sa masa suna Bori. Akwai ma wata lambar yabo ta musamman da aka ɗaura a kanta, wadda ake samu idan zuriyarta ta tsara wani addinin gargajiya na Afirka ta kuma yaɗa shi a duk nahiyar, kuma tana cikin masu cin lokaci ƙwarai. Ba dole ba ne ka bi wannan hanya. Wasan ba ya tilasta wa kowa manufa, kuma mai mulki yana iya karɓar Musulunci ya ci gaba da gina masarautarsa, ya je aikin Hajji, ya ƙulla aure da gidajen sarautar arewacin Afirka. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa shekarar 867 zaɓin waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne don labarin ya dace da lokacin farawarsu. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu da Hausa Bakwai tarihin baka ne da ba shi da tabbatacciyar shekara, kuma yadda aka zana iyakokin Kano da Gobir da Kanem a taswirar, kowace gunduma da mai ita da layinta, tsari ne da aka ɗauko daga Turai aka shimfiɗa a kan duniya duka don wasa ya yiwu. Yana da daɗi mutum ya ga sunan garinsu a allon, amma kada a ɗauke shi littafin tarihi. Haka nan wasan yana ɗauke da shan giya da neman mata da kisan dangi, domin rayuwar fadojin wancan zamani yake kwaikwayo, saboda haka ba na yara ba ne, ko da yake ana iya kashe nuna tsiraici a wajen saituna.

Shin ta dace da mai koyo? A ganina ta dace da wasa na biyu ko na uku, ba na farko ba. Mulkinta irin na ƙabila ne, wanda yake da sauƙi ta wata fuska: maƙwabta ƙanana ne, ana iya kai hari a kwaso ganima, ana ɗaukar sojoji da martaba maimakon zinariya, kuma dalilan shelanta yaƙi suna da arha, saboda haka ƙasa tana faɗaɗa da sauri. Amma wannan saurin shi ne tarkon, domin mulkin ƙabila a ɗaure yake da mafi tsananin dokar rabon gado, ba ya fita daga cikinta sai ya sauya tsarin mulki gaba ɗaya, sauyin kuma yana bukatar tsararren addini da cikakken iko a kan hakimai da wasu ci-gaban al'ada. Tsara addinin gargajiya kansa sai ka riƙe uku daga cikin wurare biyar masu tsarki na addinin, ka kuma tara taƙawa mai yawa. Wato ciwon da ka zo da shi, a nan ya fi tsanani. Ga kuma wani tarko da yake kama duk wanda ya fara riƙe mace mai mulki: a auren da aka saba, 'ya'ya suna bin gidan uba ne, don haka idan magajiyarka mace ce ka aurar da ita ba tare da ka zaɓi auren da 'ya'ya suke bin gidan uwa ba, jikokinka za su zama 'yan wani gida, kuma ranar da sarauta ta faɗa hannunsu wasanka ya ƙare. Ƙaramin akwati ne a shafin ɗaurin aure, ana mantawa da shi cikin sauƙi.

Shawarata ita ce ka koma darasin koyarwa na cikin wasan, wanda yake ba ka Murkad mai mulkin Munsta a kudancin Ailan a 1066. 'Yan wasa suna yi wa Ailan laƙabi da tsibirin masu koyo saboda ƙananan sarakuna ne a cikinta, teku kuma ta raba ta da manyan dauloli. Ka sa wa kanka iyaka a wannan karon: ka haɗa tsibirin, ka naɗa kanka sarki, kada ka taka ƙasar kowa a ƙetaren teku har sai sarauta ta sauya hannu sau uku ba tare da ka rasa babban lardinka ba. Idan ƙasar ta tsage duk da haka, kada ka share wasan ka sake sabo kamar yadda na fahimci kana yi, domin sabon sarkinka yana da haƙƙin da'awa a kan abin da ƙannensa suka karɓa, kuma yawanci shi ne mai babban birni da baitulmali da ƙwararrun sojoji, don haka yana iya dawo da ƙasar cikin 'yan shekaru kamar yadda Alfonso ya yi. Bayan ka wuce wannan, sai ka buɗe 867 ka ɗauki Daurama, kuma abu na farko da za ka yi kafin ka saki lokaci ya fara tafiya shi ne ka buɗe shafin gado ka ga wa zai gaje ta, da kuma gidan da yake bi.